Irin Doyar Alisabatu

Duk wanda ya zauna a layinsu a Dutsen Kura ya san Alisabatu da abu biyu: kaya a kafaɗa da lambun bayan gida. 'Yar Gbagyi ce ta asali, daga wani ƙauye can wajen Shiroro, kuma shekarun da ta yi a Minna ba su sa ta taɓa ɗora ko robar ruwa a ka ba. Aure ne ya kawo ta gari. Mijinta Andrawus mutumin kudancin Kaduna ne, kafinta, mai sanyin hali har abin ya kan ba ta haushi. Ta yi shekaru tana dafa wa 'yan wata makarantar kwana abinci, da ta bar aikin sai ta koma wa ɗan filin da ke tsakanin banɗaki da katanga. Alayyafo, kuɓewa, gauta, barkono, duk da ruwan wanke-wanke ta raine su.

Lambun nan kuwa ba a taɓa mata shi. Miji ya ɗauki fartanya, ta ce ya ajiye, hannunsa na ƙusa ne. 'Yarsu Faith tun tana ƙarama in ta leƙo, sai uwar ta daka mata tsawa ta ce ta koma ta ɗauki littafi, ba don ƙasa ta haife ta ba. Yarinya ta ji magana, ta yi karatu har jami'a a Bosso, ta tashi ba ta san bambancin ganyen gauta da na barkono ba.

To, a lambun akwai abin da ya fi ƙarfin miya. Shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, tsohuwar Alisabatu ta iso Minna da zane ɗaya da kwando a kafaɗa. Cikin kwandon 'yan ƙananan doya ne, irin da take shukawa tun tana amarya, fara ƙal, mai danƙo in an daka. Tsohuwar ba ta ga damina ta gaba ba. Alisabatu ta shuka irin a gindin katanga, da ta haƙa ba ta bari an ci ko yanki ba. Ta shafe su da toka, ta shimfiɗa buhu a lungun sito ta jera su, ta ce sai sun ƙaru. Ƙauyen ya zama kufai, babu inda za a sake samo wannan iri.

Ana cikin zafin watan Maris ciwon marar da ta daɗe tana ɓoyewa ya kwantar da ita. Aka ce ƙari ne a mahaifa, aka yi mata aiki. Ranar sallama likita ya ja mata kunne a gaban mijinta: ba sunkuyo, ba tsuguno, kada ta ɗaga abin da ya fi buta nauyi har sai ɗinki ya kama sosai.

Kai, zaman nan ya ci mata rai. Matar da gari ba ya waye mata a kan gado, ga ta an kafa mata kujerar roba a baranda da matashi a ciki. In ta yi tari ciwo, in ta yi dariya ciwo, in ta yi faɗa ma ciwo, kuma faɗan ne ba ta iya bari. Daga inda take tana hango alayyafonta yana langaɓewa. Andrawus ya ɗebo ruwa ya sheƙa masa da rana tsaka.

"Baban Faith, dafa shi za ka yi? Wa ya ce maka ana ban ruwa rana na tsakiya?"

"To, Maman Faith, da yamma zan ƙara."

"Ka ƙara ka kashe shi gaba ɗaya, ka huta."

Matan zumunta na coci suka yi ta zuwa dubiya, wannan da kunu, waccan da farfesu. Kowacce sai ta ce a yi haƙuri, lambu ba ya gudu. Alisabatu ta ce amin a baki, a zuci kuwa ji take kamar ta jefe su da kofi. Abinci ya ƙi shiga. Cokali biyu ta ture kwano, har wuyanta ya fara zuƙewa.

Da aka yi ruwan farko, ƙamshin ƙasa ya shigo har ɗaki, sai hankalinta ya tashi. Ta san doyar da ke sito ta fara tsiro, lokacin shuka ya yi. Andrawus ya ce bari ya yi mata tsibin da za a binne irin a ciki. Ta ce a'a, shi mutumin citta ne, kwanciyar ƙasa ya sani, ba tsibin doya ba. Ya ce to a kira wani. Ta ce irin uwarta ba ya shiga ƙasa da hannun haya, a jira ta miƙe. Ya ce ruwa ba zai jira ta ba. Ta juya masa ƙeya.

A makon nan Faith ta samu hutu ta dawo jinya. Yarinya mai zafin nama, ta shigo da tsintsiya da omo ta birkice gidan. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne ramar uwarta. Ta soya ƙwai, aka ture. Ta yi faten wake, aka ture. Ranar Asabar da hantsi ta shiga share sito.

Da azahar Alisabatu ta farka daga gyangyaɗi, ta ji sautin turmi. Can sai ga Faith da sakwara da miyar alayyafo. Alisabatu ta gutsura don kada a ce ta ƙi. Ta ƙara gutsura. Rabonta da jin abinci ya zauna mata a baki haka tun kafin asibiti.

"Wannan ita ce doya," in ji ta. "Kamar ta gida. Wajen wa kika saya?"

Faith na shirin amsawa sai Andrawus ya shigo ta ƙofar baya, gumi sharkaf, laka har gwiwa, garma a hannu.

"Maman Faith, ki yi faɗanki daga baya. Na yi tsibin. In bai yi miki ba ki zauna ki nuna da sanda in gyara, amma yau irin nan zai shiga ƙasa."

Bai jira ta ba, ya wuce sito. Bai daɗe ba ya fito da buhu a hannu, an kakkaɓe shi an linke.

"Faith, ina doyar da ke lungu?"

"Wadda ta yamutse ɗin nan, duk toka? Baba, ai ta fara tsiro, lalacewa za ta yi. Ita na daka wa Mama."

Hannun Alisabatu ya tsaya a cikin kwano. Ta yunƙura za ta tashi, ɗinkin ya fizge ta, ta koma ta zauna tana dafe da mara. Da ƙyar ta ce a duba kawunan da aka yanke, ko kai ɗaya ma yana tsirowa. Faith ta ce ta kwashe su da ɓawon ta kai wa awakin Malam Nma maƙwabcinsu, kamar yadda ake yi kullum. Andrawus ya fita a guje. Ya dawo yana tafiya a hankali, awaki sun riga sun cinye.

Uban ne ya gaya wa Faith ko doyar wace ce. Yarinyar ta durƙusa a bakin kujera, hawaye shar.

"Mama, wallahi ban sani ba. Ba ki taɓa gaya mini ba."

Bakin Alisabatu cike yake da faɗa, na wata guda da ta tara. Ta nemi wanda za ta sauke wa ta rasa. Mijin da ya roƙe ta tun ruwan farko ne, ko 'yar da ita da kanta ta kora daga lambu? Ga tsibin can a gindin katanga, a karkace, ba abin da za a sa a ciki.

Ta dubi kwanon. Saura kusan rabi, har ta fara hucewa. Ta jawo shi kan cinyarta.

"Share fuskarki ki wanko hannu," ta ce wa Faith. "Zo ki ci da ni. Doyar kakarki ce, daga wannan babu wata."