Tandun Man Shanun da Ya Je Matamaye Ya Dawo

Mun tashi da asuba daga Damagaram, ni da ƙanena, a bayan kamiyo, babbar motar da ke zuwa ɗaukar gyaɗa, dala goma kowane kai. Wata biyar ke nan da muka kai Baba Matamaye wurin ƙanwarsa, bayan lokotoron asibiti ya ce zuciyarsa ta gaji, ya bar kitse da gishiri. Sai ga wani falke da labari: tsoho ya rame, riga na yawo a jikinsa. Da irin wannan ramar wan Baba ya fara kafin ciwon daji ya ɗauke shi. Na cika tandu da man shanu, na haɗa da kilishi, tunda a gidanmu wanda ya rame maiƙo ake ba shi.

Har Takeita hanya da dama-dama. Daga nan sai rami da yashi, mota na wurgi da mu, ni kuwa rungume da tandu kamar jariri. A Kance mata suka yanyame mu da dafaffiyar gyaɗa, ta tamma ɗaya ta cika hula. Ƙanena ya yi ta ci, ni kuwa ko taɓawa ban yi ba.

Da azahar muka yi sallama. Gwaggo ta ce yana gona.

"Gona? Da ƙafarsa?"

"Da tawa zai je?"

Muka bi hanyar Kurni, muka tarar da shi yana roron wake. Ya rame kam, amma kumburin ƙafa ya saɓe, kuma mutumin da bara ba ya gama alwala sai ya huta, ga shi a duƙe tun hantsi. Ni ne na iso ina haki. Ya dube ni ya ce, "Zauna, ɗan nan, kada ka faɗi mini a gona." Na zauna, hawaye suka zubo, na ce zufa ce.

Da maraice na zuba ido a kan akushinsa, domin wansa abinci ya fara ƙi. Dambun zogale, wake, tuwon gero da miyar kuka, gishiri ɗan kaɗan. Ya share tas, ya nemi ƙari. A nan hankalina ya kwanta. Da na fito da tandu, Gwaggo ta ce, "Abin da ya kwantar da shi ka ɗauko tun daga birni?" Kunya ta rufe ni.

Ni ba lokotoro ba ne, amma tafiyar nan ta nuna mini ba kowace rama ce ciwo ba, kuma tulun cikin da nake taƙama da shi ba lafiya ba ce.

Kwana uku muka juyo. Matata na ganin tandu ya dawo a cike, ta ɗora hannu a ka za ta kurma ihu. Na ce, "Sauke hannunki, Baba na gona. Ɗora mana wake."