Hoton da Hajiya ta so a tura wa Yaya

"Ba da wannan ba, ɗauko sabuwar taki."

Hajiyarmu ce ta faɗi haka jiya a gidanta na Gyaɗi-Gyaɗi, da na ɗaga tsohuwar wayarta zan yi mata hoto. Yaya Sani ne daga Legas ya ce yana son ganin ta.

Nan na fara zargi. Matar da ko a bikina sai da mai hoto ya bi ta da ƙatuwar kyamararsa yana roƙo, yau ita ke zaɓen waya?

Na ɗauka da tawa. Ta fito sumul, kamar ta dawo daga hutu. Na faki idonta na ƙara da tsohuwar. Ga rama, ga idanu sun faɗa. Kullum ina gidan, amma sai a dishi-dishin hoton nan na ga yadda ta zube.

Na ce, "Hajiya, me sabuwar ta fi?"

Ta ce, "Taki tana da kara. Wannan kuwa ba ta da sirri, abin da ta gani take faɗa."

"To me ta gani?"

Sai ta ce tun bayan salla abinci ba ya zama a cikinta, kuma kar in tayar wa yaro hankali. Yaron har ya fara furfura.

Duka biyun na tura masa. Gobe za mu asibiti, kuma har yanzu ba ta kula ni.

Ku in an turo muku hoton iyaye, kuna tambayar da wace waya aka ɗauka?