Ranar da na ga kaina ba kunnuwa

Shekarun baya, ban daɗe da karɓar shagon atamfar mahaifinmu a unguwar Roumdé Adjia ba, ƙanwata ta kafe ita hafsar soja za ta zama. Sau biyu tana shiga konkur, wato jarrabawar ɗaukar hafsoshi. Gudu ta ci, rubutu ta ci, amma da an zo gwajin ɗabi'a, inda ake zaunar da mutum a yi ta tonon cikinsa da tambayoyi, sai ta faɗi. Wannan karon shi ne na ƙarshe, in ya wuce shekarunta sun haura. Mahaifinmu ya rasu, komai nata sai da yardata.

Sai aka haɗa ta da wata Madam, soja mai ritaya, 'yar ƙabilun kan duwatsu, wadda ke tara 'yan mata a tsakar gidanta tana shirya su. Tun ranar farko matar ba ta kwanta mini ba. Ni kuwa dama mutum ne da in ka gaishe ni sau biyu sai na taɓa aljihuna.

Na zuba ido. Yarinyar da ba ta ɗaga kai in ina magana, sai ga ta tana satar kallon tsakiyar idona. Na tsinci takardu a jakarta, an ɗiɗɗiga tawada an ninke, kamar rubutun da ya jiƙe. Sannan na ga wadda ta tayar mini da hankali: an zana mutanen gidanmu kaf, ga sunan mahaifiyata a sama. Kowa da kamanninsa, amma ni an yi ni ƙato, da baki har ƙeya, ba kunne ko ɗaya.

To ku gaya mini, wa ke neman sunan uwar mutum, ya sa a zana shi a cire masa wata gaɓa, in ba boka ba? Na tabbata so ake a toshe ni. Nan take na ƙwace dosiyenta, wato takardunta na shiga konkur, na kulle a shago, na ce ta bar zuwa gidan matar nan, konkur ɗin ma an fasa. Saura kwana goma. Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Yaya."

Washegari na dira gidan Madam da takardar a hannu, ina tofa addu'a tun daga ƙofa. Ta ba ni kujera, na ƙi ruwanta. Ta saurari faɗana har na gaji, sannan ta jawo wani tarin zane-zane na sauran 'yan matan ta ajiye a gabana.

"Alhaji, can wurin gwajin fensir za su ba ta, su ce zana gidanku, su tambaye ta dalili. Takardun tawadar ma na gwajin ne. Sunan mama kuwa ko a dosiye akwai shi. Ka san abin da ke kayar da ita? Duk babban namijin da ya tambaye ta, sai ta kalli ƙasa ta ce to. Ku kuna cewa kunya. Su kuma rubutawa suke tana ɓoye wani abu, ba za ta iya ba soja oda ba."

Na ce, "To kunnuwana fa?"

"Ba ni na cire ba. Je ka tambaye ta. Amma in ta fara magana ka bari ta gama, in za ka iya."

Na samu ƙanwata tana tsintar shinkafa. Na ajiye zanen, na tambaye ta. Ta ɗago ta dube ni.

"Yaya, tun rasuwar Baba ban taɓa kai ƙarshen magana a gabanka ba."

Wallahi har na buɗe baki zan ce ƙarya ne, sai na ga abin da nake shirin yi. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na mayar mata da dosiyenta. Sauran kwanakin ni na zama mai tambaya: in ɗaure fuska bayan la'asar, ita kuma ta dube ni ta ce, "A'a, ban yarda ba," ta kawo hujja. Ya fi mini azumin zafi wuya.

Ta ci. Har yau ina ganin Madam da gangan ta bar takardar nan ta zo gidanmu, don halin zargi ba ya barin mutum rana ɗaya. Amma na gane na yi ta neman wanda ke kayar da ƙanwata a waje, alhali da shi take cin tuwo.

Zanen na nan manne a shago. Ranar da ta fara zuwa hutu da kaki, ta tsaya ta kalle shi, ta zaro biro ta yi mini kunne ɗaya. Na ce ɗayan fa? Ta mayar da biron aljihu ta ce, "Muna dai duba halinka, Yaya."