Hular Alhaji Mamuda a kaina

Duk wanda ya zauna a unguwar Briqueterie ta Yaoundé ya sani, in ka hango Kawu Bala mai wankin hula tafe da baƙuwar hula a ka, to hular wani ta lalace. Haka yake yi. Ba aike, ba waya. Sai ya kifa ta a kansa, ko ta yi masa kaɗan, ya taka har ƙofar mai ita ya ce, "Ga ɓarnar da na yi maka." Mutane su yi ta leƙe, kowa na addu'a kada ta zama tasa.

Wan mahaifiyata ne, shekara tara ina aiki a shagonsa, ban taɓa ganin mutumin da ya tsani uzuri kamarsa ba. Wata rana mai shayin layinmu ya kawo masa shayi ya huce, ya ce iska ce.

"Iskar ce ta karɓi odata?" in ji Kawu. "Kira min ita mu yi magana."

Haka ranar da wani mai kawo mana wanki daga unguwar Messa ya zo hularsa ba ta bushe ba. Na yi caraf na ce, "Ruwan Yaoundé ne, kwana uku ba rana." Kawu ya harare ni.

"Ƙarya yake, Malam. Jiya muka wanke ta, shekaranjiya tsire muka tsaya ci."

Kai, Kawu! Ni fa rufa mana asiri nake.

Amma wadda ba zan manta ba ita ce ta Alhaji Mamuda na Tsinga, mutumin da ko dariya ba ya yi sai da dalili. Lokacin ina neman 'yarsa Rabi, manya sun je sau biyu, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sai ya aiko da farar ƙube ta marigayi mahaifinsa a wanke masa. Na jiƙa ta, Rabi ta kira ni a waya, na manta akwai jar dara a cikin bokitin. Da na dawo, ƙube ta koma kalar zoɓo.

Na ce, "Kawu, don Allah mu ce tsohon zare ne ya zuba. Aurena ne fa."

"Kan wa ya yi ɓarnar?"

"Nawa."

"To shi zai ɗauka."

Ya kifa min ita. Na ce mu hau babur, ya ce ƙafa ba ta ƙare ba. Muka ratsa unguwa, teloli na barin keke suna leƙowa. Wallahi a ranar na tsani Kawu har zuciyata.

Muka tarar da Alhaji a ƙofar gida da abokansa. Ya dubi kaina, hira ta mutu. Na durƙusa.

"Alhaji, ni na ɓata ta. Na jiƙa ta da jar dara."

"Me ya ɗauke maka hankali?"

"Waya nake yi."

"Da wa?"

Na waiga. Kawu na tsaye a bayana yana jan carbi, ya ce, "Faɗi mana, ai ba ni aka kira ba."

Na ce, "Da Rabi."

Alhaji ya miƙa hannu ya cire hular daga kaina, ya daɗe yana shafa ta da yatsa. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Da ita aka ɗaura auren babana. Tashi ka tafi." Ya shige gida.

A hanya na fashe. "Kawu, ka kashe min aure!"

"Wataƙila," in ji shi. "Amma da ka ce zare ne, Rabi ta san lokacin da ta kira ka. Ita za ta fara sanin maƙaryaci take shirin aura."

Sati uku ban ji komai ba, ko abinci ba ya shiga. Sannan Alhaji ya aiko a kira manya. Saƙonsa gajere ne: ya ba ni 'yarsa, amma hularsa ba zan ƙara taɓawa ba har abada. Kawu ya ce hukuncin ya yi daidai, shi ma da haka zai yanke.

'Ya'yanmu uku yanzu, kuma ban taɓa ce wa Kawu na gode ba. Kullum sai in ce gobe, ayyuka sun yi yawa. Ba ayyuka ba ne, girman kaina ne, ga shi ya tafi. Allah Ya jiƙanka Kawu, Ya karɓi uzurinka ranar da babu mai iya kare kansa, Ya sa ka huta.