Ƙarfe a Ƙirjin Ɗan Mai Walda

Mai waldan bakin titi ya fi yarda da ƙarfe a kan ɗan Adam. Shekara ashirin yana ƙona idanunsa a rumfa ɗaya, kuma a faɗarsa bai taɓa haɗa ƙofar da ta karkace ba. Abu ɗaya ne ya fito masa a lotse, ƙirjin ɗansa na fari. Rami ne sosai a tsakiya, har yara suka laƙaba wa yaron Kwano, wai a zuba ruwa kaji su sha. Ga haki da ya ɗan yi gudu.

Da Kwano ya kai sha biyar, likita ya ce za a zura masa lanƙwasasshen ƙarfe ta ƙarƙashin ƙashin ƙirji ya turo shi waje, ya zauna a ciki shekara uku. Uwar ta tsorata. Mai walda kuwa har da tafi.

"Maman yara, aikina ne fa, sai dai su da farar riga."

Ranar cike takarda nas ta tambaya, "Ƙarfe yana sa masa ƙaiƙayi? Kamar agogo ko kan bel?"

Kwano ya buɗe baki, uban ya riga shi. "Ɗan mai walda? Haba 'yata! Rubuta a'a."

Alhali da idonsa ya taɓa ganin ƙuraje sun zagaye hannun yaron a gurbin agogo. Ya ce rashin wanka ne, ya hana shi kai wa uwarsa ƙorafi.

Wata biyu da tiyata, gefen ɗinkin ya yi jawur, ya kumbura, ya fara tsatsar ruwa. Aka sha magani, aka sha allura, kamar ana ƙara masa. Kwano ya rame, numfashi ma sai ya cije leɓe. Mai walda ya rufe rumfa ya tare a bencin asibiti.

Bayan gwaji likita ya kira su bakin gadon Kwano. "Jikinsa ba ya shiri da wannan ƙarfen, kuma irin haka yakan nuna alama tun da wuri. Da mun sani, da wani iri muka saka. Yanzu dole mu cire, kuma ƙirjin zai iya komawa yadda yake."

Uwar ta juya kan gadon tana kuka. "Kai kuwa ɗan nan, ka san da haka ka yi shiru?"

Kwano ya dubi ubansa, ya daɗe yana dubansa.

"Mantawa na yi, Mama."

Mai walda ya gyara murya zai yi magana, sai ga ma'aikata sun zo tura gadon. Ya matsa ya ba su hanya.

An cire ƙarfen, ramin ya dawo. Har yau a gidan, mantuwar Kwano ake zargi.