Ni ne na ce masa ya warke

Jiya na hau bene hawa shida a unguwar Ainu Shams ta birnin Alƙahira, ina hutawa a kowane hawa saboda gwiwa. Malam Sabi'u na je dubawa, ɗalibi ɗan garinmu, don Juma'a uku ke nan bai zo cin tuwo gidana ba.

Na tarar da shi zaune a ƙasa, taga a rufe, littattafai sun yi ƙura. Jarrabawa ta wuce, bai shiga ba.

Shekara biyu yana shan maganin ciwon damuwa. Watan jiya na ga ya yi ƙiba, yana ta raha, sai na ce, "Khalas, shi ke nan, ka warke. Ajiye ƙwayoyin nan, kada ka koma gida da su a fara yi maka wani kallo." Ya ajiye a ranar, don bai saba musu da babba ba.

Jiyan da ya gan ni, ya ɗago kai da ƙyar ya ce, "Baba, ku kuka ce na warke."

Na ce, "Ni ne."

"To ku faɗa wa jikina, shi bai ji ba."

Yau na raka shi wurin likitansa. Bamisiren bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ma'alish, yi haƙuri ya Hajji, wannan magani ko za a bar shi, kamar bene ake sauka, taki ɗaya ɗaya, kuma tare da likita."

Ni da nake lallaɓa matakala saboda gwiwata, ɗan mutane na ce wa ya diro.

Shekarar karatunsa dai ta tafi. Jama'a, ku saka shi a addu'a. Wanda furfura ta taɓa sa shi yin likitanci, ya faɗa mini yadda ya nemi gafara.