Malama Halima Sadiya Kambaza da Ciwon da Aka Ɗauka Haƙuri Ne

An haifi Malama Halima Sadiya a shekarar 1966 a garin Kambaza ta ƙasar Gwandu. Mahaifinta shi ne Malam Abdulbaƙi, manomi kuma makiyayi, mahaifiyarta kuwa Larai, mutuniyar Malisa. Gidansu gida ne da aka sani da alkunya, inda ake auna tarbiyyar mace da yawan abin da ta iya haɗiyewa ba tare da fuskarta ta nuna ba.

Karatu da Aiki

Ta fara karatun allo a wurin mahaifinta, sannan aka sa ta makarantar firamare a 1973. Ta zarce kwalejin horon malamai mata a Birnin Kebbi, ta kammala a 1986, aka ɗauke ta aikin koyarwa a garin Gwandu. Waɗanda suka yi karatu a hannunta suna tuna ta da murya mai kaifi da son raha, har ana cewa ajinta ake fara jiyowa tun daga bakin ƙofar makaranta.

Aure da Haihuwa

A 1987 aka ɗaura mata aure da Malam Lukuman, manomin shinkafa a Kalgo, aka kuma mayar da aikinta can. A 1988 ta haifi ɗanta na fari, Muzzammil. Bisa al'adar gidansu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban jama'a, ba ta nuna damuwa idan ya faɗi. Ana yaye shi kakarsa Larai ta ɗauke shi zuwa Kambaza, bai dawo Kalgo ba sai da ya isa shiga sakandare. Malama ta riƙe wannan al'ada da gaske, domin tsawon rayuwar yaron "wancan" take ce masa, ko da kuwa abinci za ta miƙa masa. Bayansa ta haifi 'ya'ya biyar.

Rasuwar Muzzammil

A daminar 2012 Muzzammil ya rasu a ruwa, yana dawowa daga fadamar mahaifinsa da ke wajen Diggi, yana da shekara ashirin da huɗu. A zaman makoki ba a ga hawayen Malama ba. Ita ce ma take rarrashin ƙannensa, tana duba ko baƙi sun ci abinci. Matan da suka zo ta'aziyya sun fita suna yabon haƙurinta, suna cewa a yau samun irinta sai an tona. Ba a samu ko mutum guda da ya tambaye ta ko tana barci ba, kuma wannan abin takaici ne har gobe.

Shekarun Tsoro

Bayan arba'in ta koma aiki, amma ba ita ce ta koma ba. Takan tsaya gaban allo da alli a hannu har yara su fara kallon juna. Abinci ya fita ranta, ta rame, ta daina kitso, ta daina zuwa suna da biki, barci ya ƙaurace mata. Tana kukan nauyi a ƙirji da ciwon kai wanda ba ya jin magani. Da yake ba ta taɓa ambaton yaron ba, babu wanda ya danganta halin da rasuwarsa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu ne daga abokan aiki. An yi rubutu, an yi ruƙiyya, an yi hayaƙi har labulen ɗakinta ya canza launi.

A farkon 2013 ta fara rabar da zannuwanta da kwanoninta ba tare da wani dalili ba. Wata rana babbar 'yarta Hauwa ta ji tana cewa, ita kaɗai a madafa, "Da ni anka ɗauka anka bar yaron ga." Ba a jima ba limamin unguwa ya kira Malam Lukuman gefe, ya shaida masa cewa matarsa ta aiko tana tambaya ko ana yi wa wanda ya kashe kansa salla. Tun daga ranar tsoro ya shiga gidan bai fita ba. Malam Lukuman ya kwashe maganin feshin gona ya kai gidan ƙanensa, ya sa aka rufe rijiyar gida da kwaɗo, aka tsara yadda ba za a bar ta ita kaɗai ba ko da a kewaye ta daɗe. Idan yana gona ya hango yaro tafe a kan keke, sai ya ɗauka labarin mutuwarta aka kawo masa.

Gano Ciwon da Magani

A ƙarshen 2013 aka kai ta wani asibiti a Birnin Kebbi saboda nauyin ƙirjin. Likita ya gwada zuciya bai ga abin da ya kai haka ba, sai ya tambayi ko an yi rashi a gidan, ya kuma nemi ta faɗi sunan mamacin. Ta kasa. Sai da aka fitar da mijinta sannan ta furta, kuma a nan ne ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar jana'iza.

Likitan ya bayyana wa iyalin cewa ciwon damuwa ne mai tsanani, ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne, kuma babban rashi ko haihuwa ko doguwar jinya na iya tayar da shi, wani lokaci ma babu sanadin da ido zai gani. Ya rubuta mata ƙwayoyi, ya gargaɗe su cewa sai an yi makonni kafin a ga aikinsu, kuma ba a dainawa don an ji sauƙi. Ya sanya mata ranakun zuwa ta zauna ta yi magana da ma'aikaciyar jinya, ya ce a ci gaba da addu'a, amma a bar ta ta yi zancen ɗanta. Zuwa tsakiyar 2014 ta koma cin abinci, muryarta ta sake tashi a aji.

Dawowar Ciwon

A 2017, da aka fara neman auren 'yarta Mubaraka, zance ya zagaya cewa uwar yarinya tana shan maganin masu taɓin hankali. Don kada auren ya lalace, Malama ta daina shan ƙwayoyin a ɓoye. An yi biki lafiya, amma kafin kaka ciwon ya dawo fiye da na farko. Wata safiya aka neme ta aka rasa, gari ya fita nema, masu dawowa daga kamun kifi suka same ta zaune a bakin ruwa ba takalmi. An kwantar da ita a asibitin ƙwararru a Jihar Sakkwato. Da aka sallamo ta, Malam Lukuman ya karɓi ba da maganin da hannunsa, ya kuma daina ɓoye wa kowa sunan ciwon.

Ƙarshen Rayuwa

Ta yi ritaya a 2021. Da Hauwa ta haifi namiji aka mayar masa da sunan Muzzammil, an so a yi masa laƙabi don a sauƙaƙa wa kakarsa, amma ta ƙi, tana kiransa da cikakken sunansa a gaban kowa, abin da tsofaffin Kambaza ba su ji daɗinsa ba. Idan ta je ta'aziyyar ɗan fari takan zauna kusa da uwar ta ce, "Ku bar ta ta zubda hawaye, ɗanta na." Duk da haka iyalinta ba su taɓa sakin jiki ba, domin sun ga yadda ciwon yake lafawa ya sake tashi.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa ranar wata Laraba a watan Nuwamba na 2024, tana da shekara hamsin da takwas. Malam Lukuman yana fadama ana yankan shinkafa lokacin da ƙanensa ya je masa da labari. Bai tambayi yaushe ba, bai tambayi ina ba, abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Mi ya kashe ta?" Da aka ce masa hawan jini ne ya buge ta tana zaune tsakanin 'ya'yanta, kuma ta cika da kalmar shahada, sai ya yi sujadar godiya a kan kunyar gona, sannan ya tashi ya yi kukan mutuwar matarsa.

An yi mata salla bayan la'asar, aka binne ta a maƙabartar Kalgo. Ta bar mijinta da 'ya'ya biyar: Hauwa, Abdulrahman, Mubaraka, Isa da Rahama, da jikoki tara. Allah ya gafarta mata, ya ba ta hutun da ta daɗe ba ta samu ba.